Hancin Dattijo da Na'urar Injiniya: Kwana Uku a Tsaunukan Rif

Ziyara ce ta kai ni Fas. Mun je zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ni da 'yan'uwa bakwai daga Kano da Katsina, muka kwana biyar, muka yi abin da ya kawo mu. Ranar da tawaga ta kama hanyar Kasabalanka don komawa gida, ni sai na ɗaga tikitina da mako guda. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin malamin gona kafin in ajiye, mafi yawansu a kan irin gero, kuma akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: yaya ake yi tsiro ya riƙe halin iyayensa, alhali iska ce ke ɗaura masa aure? Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatu a Fas, wanda ya yi mana tafinta a kwanakin ziyara, shi ya ja ni. Ya ce, "Baba, in dai wannan ce tambayarka, amsarta na arewa da nan, a kan duwatsu. Sai dai abin da suke nomawa ba zai yi maka daɗin ji ba."

"Me suke nomawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Tabar wiwi."

Na yi a'uziyya, na tambaye shi ko ya manta da wa yake magana. Na ga abin da ganyen nan ya yi wa 'ya'yan unguwa. Sau biyu ina zuwa belin ɗan ƙanwata a kansa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya, kuma har gobe nomanta laifi ne a wurinmu, laifin da hukumar NDLEA ba ta wasa da shi. Yaron ya bari na sauke, sannan ya yi mini bayani a tsanake. A 2021 majalisar Maroko ta zartar da doka mai lamba 13-21, wadda ta halatta noman wiwi don magani da man shafawa da aikin masana'antu, ban da shan ta don maye. Larduna uku kacal aka keɓe: Husaima, Shafshawan da Tawnat. Sai manomi ya shiga ƙungiyar gama kai, ya karɓi lasisi daga hukumar ANRAC mai kula da harkar, kuma ya san kamfanin da zai saya tun kafin ya zuba iri. "Gonar da zan kai ka tana da takarda, Baba. Ta kawun abokin karatuna ce."

Na kwana ina juya maganar. Da aka idar da sallar asuba na ce masa ya nemo mana mota.

Ƙarshen watan Yuli ne. Mun fita Fas a babbar tasi mai ɗaukar mutum shida, muka ratsa gonakin alkama da aka riga aka girbe, tuddai sun yi jawur kamar bayan rago. Bayan mun haye kogin Sabu sai zaitun ya karɓe ido, layi-layi har iyakar gani. A Tawnat muka karya kumallo da bisara, wani fate na wake mai kauri da ake kwarara wa man zaitun a barbaɗa yaji, a ci da gurasa mai zafi. Kasuwar cike take da ɓaure, ɗanye da busasshe, an tsire wani a igiya kamar carbi.

Daga nan hanya ta fara hawa. Direba ya ce sunanta Hanyar Haɗin Kai. An gina ta a 1957, shekara guda bayan samun 'yanci, da hannun dubban matasa 'yan sa kai, domin a haɗe yankin da Faransa ta mulka da wanda Sifaniya ta mulka. Mahdi bin Barka ne ya jagoranci aikin, kuma har Yarima Hasan, wanda ya zama Sarki Hasan na Biyu, ya riƙe diga a wurin. Tarihin ya burge ni, amma cikina bai ji daɗin hanyar ba. Ni da na saba da titin Kano zuwa Haɗeja, wanda in ka miƙe sai ka hango gobe, ga ni a hanyar da ba ta yin taku ɗari ba ta karya kwana ba, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Kafin a jima zufa ta karyo mini. Direba ya hango ni ta madubi, ya ciro lemun tsami daga aljihun ƙofa, ya karce ɓawonsa da farce, ya miƙo. "Shaƙa, Alhaji." Na shaƙa, tashin zuciyar ya lafa.

Hanci ya riga ido. Muna tsakanin wasu tuddai sai iska ta shigo ta taga da wani ƙamshi da ban taɓa haɗa shi da wiwi ba. Abin da na sani a gida warin hayaƙi ne, mai ɗaci, wanda ke fitowa daga kangwaye da magariba. Wannan kuwa ɗanyen ƙamshi ne, kamar an murza ɗoɗɗoya an haɗa da masoro. Da muka karya kwana sai ga gonakin, an yanka su hawa-hawa a jikin dutse. Wasu kore shar, cunkus, sun fi mutum tsawo. Wasu gajeru, sirara, har sun fara rawaya. Baƙaƙen bututan roba sun bi gangare kamar macizai, daga tafkunan da aka shimfiɗa wa leda zuwa koren gonakin. Babu bututu ko ɗaya da ya nufi gajerun. A bakin titi samari na ɗaga wa motoci hannu, suna kai yatsu biyu baki. Direba bai ko dube su ba.

Isagen, garin da baƙi ke kira Kitama, yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,500, kewaye da manyan itatuwan al'ul. Daga can ana hango Tidighin, ƙololuwar Rif, mai mita 2,456. Noman kif, kamar yadda suke kiran ganyen, ya daɗe a nan. A 1890 Sarki Hasan na Ɗaya ya amince wa ƙauyuka biyar na wannan yanki su noma shi. Abdulkarim al-Khaɗɗabi, wanda ya karya rundunar Sifaniya a Anwal a 1921, ya hana shi a zamaninsa. Bayan 'yanci doka ta haramta shi a duk ƙasar, amma talauci da nisan duwatsu suka fi ƙarfin doka. Daga shekarun 1960 baƙi daga Turai suka kawo dabarar tace ƙaron ganyen a dunƙule shi, kasuwa ta buɗe, har a 2003 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya auna hekta 134,000 na wiwi a arewacin Maroko.

Gidan da muka nufa yana yamma da Isagen, a kan hanyar Bab Barrad, sai an sauka daga kwalta an yi tafiyar rabin awa a turba. Gida ne na dutse da rufin kwano. Mata na dawowa daga gona da malafuna masu tuntayen ulu, sun ɗaura zane mai ratsin ja da fari. Maigidan ya haura saba'in, siriri, da jallabiya ruwan ƙasa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Marhaba da Alhaji, baƙon Shehu." Aka kawo shayin na'a-na'a mai sukari kamar zuma. Sai da muka sha kofi uku, ya tambayi Kano da damina da farashin tumaki, sannan ya yarda muka yi maganar gona.

Washegari tun rana ba ta fito ba ya tashe mu. Ya ce ƙamshi kamar baƙo mai kunya ne, da rana ta take sai ya gudu. Muka hau wata turba ta cikin itatuwa har muka kai wata gona da ba ta fi rabin hekta ba, daji ya kewaye ta ta gefe uku. Irin gajerun nan ne da na gani a hanya. Ya ce sunanta beldiya, wato 'yar gida. Ana watsa irinta da ruwan bazara, ba ta neman ban-ruwa, ba ta neman taki mai yawa, kuma kafin zafi ya ƙone ƙasa ta nuna.

Idon malamin gona ya fara aiki. Babu biyu da suka yi kai ɗaya. Wannan ta kai mini ƙirji, waccan iya kwankwaso. Wannan karanta kore, waccan da ɗan ja. Da a gonar gwaji ta hukuma na tarar da haka, da na rubuta cewa irin ya gurɓace. Dattijo ya kamo kan wata, ya murza a tafin hannunsa a hankali, ya kawo mini hanci. Ƙamshin busasshiyar ciyawa da ɗan yaji. Ya taka uku, ya murza wata. Wannan ta fi kusa da ɓawon lemo. Ta uku kamar itacen da aka faskara yanzu.

Na ce, "Sidi, ai ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "'Ya'yanka nawa, Alhaji?"

"Tara."

"Kamarsu ɗaya?"

"A'a."

"Amma in suka shigo kasuwa, an san 'yan gidanka ne." Ya buɗe hannuwansa ya nuna gonar gaba ɗaya. "Kada ka shinshini ɗaya. Tsaya nan ka shinshini gona."

Na tsaya, na rufe ido. Gaskiyarsa. Duk bambance-bambancen nan sun narke sun zama abu guda, mai sanyi, mara nauyi. Ya ce wannan shi ne ƙamshin da ya tashi ya tarar a gonar mahaifinsa, kuma shi yake gadi.

Na lura da zaren ulu ja ɗaure a wuyan wasu. Ya ce waɗannan ne uwayen baɗi. Yana zagayawa da sassafe, wadda ƙamshinta ya yi masa daidai, ta kuma tsaya da ƙafarta ba cuta, sai ya ɗaura mata zare. Ba ya ɗibar iri daga guda ɗaya ko goma, komai kyansu; sai daga masu yawa, don kada jini ya ƙuntata. Bayan girbi kuma akwai alƙali na biyu. Uwargidansa ce ke bin damin masu zare ɗaya bayan ɗaya, wadda hancinta ya ƙi sai a ware ta. Irin da ya tsallake yana shiga tulun ƙasa, ita ke riƙe da shi. Nan take na ga mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsaye a gona ranar girbi yana ware dogayen zangarniyoyi masu cikar ido, yana cewa kada wanda ya taɓa su, na iri ne.

Sai na yi masa tambayar da ta kawo ni. Wiwi na da mace da namiji a jiki daban-daban, kamar gwanda da dabino da giginya. Ƙamshin da ake nema a furen mace yake. Namiji aikinsa ya saki bununi, iska ta kwasa. To shi da ya zaɓi uwa, wa ya zaɓar masa uba?

Dattijo ya yi dariya har da tari. "Uwa na sani, Alhaji. Uba kuwa sai Allah."

A da wannan bai dame su ba, domin duk dutsen beldiya ce. Ko daga ina bununi ya zo, na dangi ne. Daga farkon shekarun 2000 baƙin iri suka fara shigowa. Aka yi yayin wadda suke kira Fakistana, aka yi na Khardala, sannan Kritikal ta zo daga kamfanonin iri na Turai ta mamaye ko'ina. Suna ba da ƙaro ninkin-ba-ninkin, sun fi ƙarfin maye, kuma abin da dillalai ke so ke nan. Amma ba sa rayuwa sai da ban-ruwa har cikin kaka. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka tare maɓuɓɓuga, maƙwabta suka fara kai juna ƙara a kan ruwa. Bununin wiwi kuma ba shi da nauyi: masana a kudancin Sifaniya sun sha kama na Rif a na'urorinsu, ya tsallake teku. Abin da ya tsallake teku, shingen ƙaya ba zai tare shi ba.

Ya ce abu uku suka cece shi: tudu, dajin da ya kewaye shi, da kuma cewa beldiya na riga baƙin yin fure. Duk da haka kowace shekara sai ya tarar da 'yan bare a gonar. Ya ja ni gefe ya nuna mini wata da ya tuge jiya, ta fara yaushi. Ganyenta faffaɗa, jikinta kauri. Na murza. Zaƙi-zaƙi, mai nauyi, kamar mangwaron da ya wuce nuna. "Albasa ba ta yi halin ruwa ba," na ce, yaron ya yi ta fama ya fassara. Da dattijo ya gane, ya ce a maimaita masa, yana so ya riƙe.

Da yamma, muna zaune a ƙofar gida, ɗansa ya zo gaishe mu. Bayan ya tafi uban ya ce shekara shida yaron nan bai sauka kasuwar gari ba, don ana nemansa a kan noma. A watan Agustan 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi afuwa ga mutum 4,831 da aka ɗaure ko ake nema saboda noman wiwi, yana cikinsu. Ranar da ya je ya sabunta katin shaidarsa, uwarsa ta yanka kaza.

Kwana na biyu muka gangara rumbun ƙungiyar gama kai da ke kusa da Bab Barrad, inda ake auna amfanin gona a rufe shi da lamba kafin motar kamfani ta zo. Can muka tarar da injiniyar gona da ke zagaya manoman, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, da takalmin roba da kwamfuta a jaka. Da ta ji aikin da na yi sai ta ja mini kujera. "Zauna, Ammi. Kai ne za ka gane ciwon kaina."

Ta fara da ba ni madubin ƙara girma da ɗan guntun fure. Na kafa ido. Abin da na ɗauka ƙura ce ashe daji ne na ƙananan tsinkaye masu haske, kowanne da ɗigo a kansa kamar raɓa a bakin allura, wasu garau, wasu sun yi fari kamar madara. Ta ce a cikin waɗannan ɗigogin tsiron ke dafa komai: sinadarin THC mai sa maye, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka fara warewa a Isra'ila a 1964, sinadarin CBD da ba ya bugarwa, wanda Amurka ta amince da maganin farfaɗiyar yara da aka yi da shi a 2018, da kuma mayukan ƙamshi da ake kira tarfin, waɗanda aka ƙirga fiye da 100 a wannan tsiro.

Ta buɗe aljihun tebur ta zubo tarkace: ɓawon lemo, masoro, kanumfari, da ganyen wani itace mai kama da allurai. Ta ce haka take koya wa manoma. Abin da ke cikin ɓawon lemo sunansa limonen. Na ce mun gaisa da shi shekaranjiya a mota. Na masoro da kanumfari kariyofilen. Na ganyen allura finen. Akwai mirsin, wanda ake samu a mangwaro, da linalul mai ƙamshin fure. Wiwi ba ta da wani sirri nata ita kaɗai a nan. Kayan yajin da ke sauran tsirrai ne take haɗawa, kamar yadda kowace mace ke da nata haɗin yajin daddawa. Bambancin wata da wata a awo yake.

Sai ta kunna kwamfuta ta nuna mini sakamakon samfurin da ta aika ɗakin bincike. Akwai na'urar da ke mai da man tururi, ta tura shi cikin siririn bututu mai tsawo, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, a zana shi a matsayin tsini. Zanen ya yi kama da tsaunukan da ke bayan tagar. Ta ɗora na gonaki biyar a kan juna, duka beldiya. Tsinayen ba su hau kan juna ba.

"Ka gani, Ammi? Mai yin magani ko man shafawa yana son abin da ya saya bana ya zama shi ne zai saya baɗi. In ya canza, sai ya sake gwaji, ya sake takarda. Ni kuma abin da nake da shi ke nan."

Na tambaye ta me ya hana a daidaita shi, tunda an daidaita masara da alkama. Ta ce rabon THC da CBD ba shi da wuya, gadonsa na tafiya kusan yadda Mendel ya gani a wakensa: binciken da Etienne de Meijer da abokansa suka wallafa a 2003 ya nuna in aka haɗa mai wannan da mai wancan, jikoki na rabuwa kashi ɗaya, biyu, ɗaya. Ƙamshi kuwa taron dangi ne. A 2017 masana a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun gano ƙwayoyin gado kusan 30 da ke da hannu a haɗa tarfin, kowace na jan nata. Bayan gado kuma ga ƙasa, ga tsawon tudu, ga ranar girbi, ga yadda aka shanya, domin masu sauƙin cikinsu da zafi ya taɓa su sai su bi iska.

Ta ba ni misalai biyu da suka tsaya mini. A 2014 masu bincike a Faransa sun gano wani sinadari mai yawa a ƙaron Maroko wanda da ƙyar ake ganinsa a ɗanyen ganye, suka sa masa suna hashishen. Ashe mirsin ne hasken rana ke juyawa lokacin da ake shanya a kan rufin gidaje. Wato wani ɓangare na ƙamshin da aka san Rif da shi ba a cikin iri yake ba, rana ce ke sa hannu. Na biyu, sai a 2021 wasu masana a Kalifoniya suka tabbatar cewa ɗoyin nan mai kama jiki na wasu nau'o'in zamani ba daga tarfin yake ba, daga wasu sinadarai ne masu ƙibiritu, 'yan mitsi-mitsi, da na'urori suka shekara suna tsallakewa. Hanci ya daɗe da sanin suna nan.

Hanya biyu ce a gabanta, in ji ta. Ta farko ita ce ta kamfanonin Turai da Amurka: a sami uwa ɗaya da ta yi daidai, a yi ta yankan reshenta ana dasawa, kamar yadda muke yi da rogo da rake, ko mangwaro ɗan aure. Duk gonar ta zama mutum ɗaya, zanen na'ura ya hau kan juna cif. Amma cutar da ta kama ɗaya ta kama duka, kuma manomin dutse ba shi da ɗakin gilashi da wutar da zai raya uwa shekara da shekaru; sai dai ya koma saye a hannun wani kowace shuka. Ta biyu ita ce ta haƙuri: a ware iyalai, a killace su daga baƙon bununi, a auna 'ya'yan kowane namiji kafin a san darajarsa, tunda shi ba ya nuna abin da ke cikinsa.

Na ce, "'Yata, ai wannan Fulaninmu sun riga ku. Bijimi ba ya ba da nono, amma Bafulatani ba ya barin bijimi a garke sai ya san nonon uwarsa, kuma ba ya yabonsa sai ya tatsi 'ya'yansa."

Ta tafa hannu, ta ce za ta sa wannan a darasinta. Sai dai, in ji ta, a gona zuriya ɗaya ake samu a shekara, kamfani kuma ba ya jira.

A shekarar farko ta noman halal, 2023, da irin waje aka shuka, aka girbe tan 294. A 2024 aka ba beldiya izini, girbin ya haura tan 4,000, kuma ita ce mafi yawa a ciki. Cibiyar binciken noma ta ƙasar na aikin tantance irinta. A nan ne gizo ke saƙar. Dokar iri a ko'ina tana son abin da za a yi wa rajista ya zama daban da saura, ya zama bai ɗaya, ya kuma tsaya a haka. Beldiya ta dattijo ba bai ɗaya ba ce, kuma rashin zamanta bai ɗaya shi ya sa ta jure fari da sanyi da ƙasar tsakuwa. In aka matse ta har ta shiga takarda, wace beldiya ce za ta rage? Na tambayi injiniya. Ta rufe kwamfutarta, ta ce shi ya sa duk samfurin da za ta aika sai ta fara kai wa matar dattijon nan ta shinshina.

A daren nan barci ya ƙaurace mini, kuma ba wiwi nake tunani ba. Na tuna shekarun da na yi ina yawo a kan babur ƙauye-ƙauye, ina lallashin manoma su bar geron Zango su karɓi sabon irin SOSAT, don yana nuna da wuri. Ban yi ƙarya ba. A shekarun da ruwa ke ɗaukewa da wuri ya ceci gidaje da yawa. Amma takardar da muke cikewa tana da gurbin kwanakin nuna, da nauyin amfani a hekta, da jure cuta. Babu gurbin ƙamshin fura. Tsofaffin mata sun sha gaya mini cewa sabon geron ba ya ƙamshi a turmi, ni kuwa in yi murmushi in rubuta cewa manoma sun karɓa.

Da za mu tafi, dattijo ya shiga ɗaki ya fito da hannunsa a dunƙule. Ya buɗe: 'yan ƙwayoyi masu zane-zane kamar ƙwan fakara. "Ka kai ƙasarku, Alhaji."

Na ja da baya har ina tuntuɓe. Na ce, "Sidi, in na sauka da wannan a Kano, jikokina sai dai su riƙa kai mini abinci gidan yari." Yaron ya fassara, gidan ya kaure da dariya, har uwargida daga bayan ƙofa. Ya mayar da irinsa tulu, ya kawo mini igiya biyu ta busasshen ɓaure da kwalbar man zaitun. Muka yi addu'a, muka rabu.

Mun yi kwana na uku a Shafshawan, garin da Maulaya Ali bin Rashid ya kafa a 1471, wanda aka shafe bangayensa da shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Na yi alwala da ruwan Ras al-Ma mai sanyin ƙanƙara. Tsakanin masallaci da masauki samari uku suka raɗa mini tayin abin da na baro a dutse, wannan karon a dunƙule cikin leda. Ɗayansu idanunsa sun yi ja, leɓensa ya bushe, sak ɗan ƙanwata. Har yanzu gonakin da ba su da takarda sun fi masu takarda yawa nesa ba kusa ba, kuma abin da ke fita daga cikinsu ba asibiti yake zuwa ba. Ra'ayina a kan shan wiwi yana nan inda na bar shi a Kano.

Mako biyu da dawowata na tafi ƙauyenmu wurin Yaya. Na tambaye ta ko akwai wanda ya rage da irin Zangon Baba. Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka raba mu da shi?" Sai da ta gama yi mini tsiya sannan ta aiki jikanta wani ƙauye da ke gaba da mu, wurin wata tsohuwa da ba ta taɓa karɓar irin gwamnati ba. Ya dawo da zangarniya bakwai, dogaye, sun yi baƙi da hayaƙi. Shekara ashirin ke nan gonar tsohuwar na kewaye da sabon gero, bununi kuma ba ya sallama kafin ya shiga.

Yaya ta murje guda ɗaya, ta surfa, ta daka a ƙaramin turmi da citta da kanumfari. Kafin ta zuba ruwa sai ta ɗebi garin a tafin hannu, ta kai hanci, ta yi shiru har na ƙosa.

"Yaya, shi ne?"

"Da saura," ta ce. Ta sake shinshinawa. "Amma jininsa ne."

Sauran shidan suna rataye a ɗakin girkinta, inda hayaƙi ke kai musu, suna jiran ruwan shuka. Na riga na sayi zaren ulu ja a kasuwar Kurmi.